Garanti yana tafiya, mota tana tsaye

Duk wanda ya sayi sabuwar mota aka miƙa masa ɗan littafin garanti tare da makulli, ya riga ya biya kuɗin gyaran da littafin ya yi alkawari. Kamfanin da ya ƙera motar ya san cikin waɗanda ya fitar wasu za su dawo da matsala, ya ƙiyasta abin da gyaransu zai ci, ya zuba shi cikin farashi tun motar ba ta hau jirgin ruwa ba. Saboda haka mutumin da ya koma wurin mai sayarwa da mota mai ciwo, abin da ya biya ya je karɓa. Amma ku dubi yadda muke zuwa. Mu shiga ofis da sallama ƙasa-ƙasa, mu zauna inda aka nuna mana, mu fara da "don Allah a taimaka", in an ce mu dawo wani sati mu yi godiya mu tashi. Wannan hali namu yana damuna ƙwarai, domin na ga abin da yake jawo wa mutane a Damagaram.

Ba maganar motar da ta lalace sau ɗaya aka gyara ta koma hanya nake yi ba, wannan kowane ƙarfe yana yi. Maganata a kan matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ce. A kai mota, a ce an gyara, ta yi kwana kaɗan ciwon ya dawo, a sake kaiwa, a canza wani abu dabam, ya sake dawowa, daga nan a ce an yi odar kaya suna hanya. Garantin da kamfanoni da yawa ke bayarwa shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Kilomita suna tsayawa idan mota ta tsaya, kwanaki kuwa ba sa tsayawa. Kowane dare da motar ta kwana a gareji an cire shi daga cikin shekara ukun, kuma mai motar kaɗai ke asararsa. Shi mai sayarwa, kowace wayewar gari tana kusantar da shi ga ranar da zai ce, "Alhaji, ai garantinka ya ƙare, amma za mu yi maka ragi." Ban ce kowane mai sayarwa da gangan yake jan lokaci ba. Na ce yadda muke tafiya yanzu, in ya ja ɗin ba abin da ke hawa kansa, kuma duk inda jinkiri ba ya cin aljihun mai yinsa, jinkirin zai yawaita.

Ɗan yayata ya sayi sabuwar ƙaramar motar kaya daga wani kamfani a Yamai, wani kaso na kuɗin daga gonar da ya sayar, saura bashin banki. Aikinsa kai kaya kasuwannin ƙauye, yau hanyar Tanut, gobe ta Gure, jibi Magarya. Motar ba ta daɗe a hannunsa ba ta fara wani hali: in rana ta take, inji ya yi zafi, ga lodi a baya, sai wata fitila ta kama a gaban direba, ƙarfi ya ɗauke, ta koma tafiya kamar ana riƙe ta. In ya kashe ya jira ta huce, sai ta tashi lafiya lau. Ya buga waya aka ce ya kawo ta Yamai, kada ya kuskura wani makanike ya taɓa ta, in ba haka ba garanti ya faɗi. Ya kai. Aka jona mata na'ura, fitilar ta mutu, aka zagaya da ita cikin gari da safe babu kaya, aka ce ba a ga komai ba. Kafin ya iso Maradi fitilar ta dawo. Zuwa na gaba aka canza matatar mai, aka ce man da yake sha ne ba shi da kyau. Na bayansa aka ce famfon mai ne, kuma babu shi a Nijar sai an yi oda. A duk wannan kai-komo ba wanda ya ba shi takarda ko ɗaya mai nuna ranar da motar ta shiga, abin da ya faɗa, da abin da aka yi mata. Banki kuwa bai fasa cirar kuɗinsa ko wata ɗaya ba.

Da na ce masa ya rubuta musu takarda ta hannun hisiye, wato ma'aikacin shari'a mai isar da takardu, sai ya ce, "Kawu, ni kunya nake ji. Mutanen nan hannu bibbiyu suke karɓata, har shayi suke ba ni." Na ce masa, "Ka riƙe mutuncinsu, ka gaishe su kamar kullum, amma takardar nan sai ta je." Ta je, kuma bayan zuwanta famfon ya iso. Watannin da ya yi yana biyan banki da kuɗin hayar motar wani ba wanda ya mayar masa da su, kuma ba wanda ya ƙara masa su a kan garantin.

Akwai abin da ya kamata kowane mai mota ya sani game da na'urar nan da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Kwamfutar mota tana ajiye lambar kowace matsala da ta gani, ita ce ke kunna fitila. Mai na'ura yana iya karanta lambar, yana kuma iya goge ta. In ya goge, fitilar ta mutu, amma abin da ya kunna ta yana nan inda yake. Ban da haka, gogewar tana tafiya da shaidar da mai mota ke da ita. Don haka kafin a goge komai, ka ce a nuna maka lambar, ka ɗauki hotonta da wayarka, a rubuta ta a takardar karɓar mota. Ciwon da ke zuwa yana tafiya kuma ba a gane shi da zagayen minti goma cikin sanyin safiya. Motar da ke kasawa da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40, da buhuna a bayanta, a wannan yanayin ya kamata a gwada ta. In ba za su iya ba, hoton bidiyo da ka ɗauka a gefen hanya, mai nuna fitila da kilomita, ya zama hujja.

Nisa ma wani nauyi ne da aka ɗora wa mutumin Damagaram shi kaɗai. Manyan wakilan kamfanonin mota a Yamai suke da hedikwata da manyan garejinsu, kuma tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne. Zuwa da dawowa kusan 1,800 ke nan. Idan littafin ya ce a yi juyen mai duk kilomita 5,000 a garejin da kamfani ya amince da shi, kuma garejin yana Yamai, to fiye da kashi ɗaya cikin uku na tazarar a hanyar zuwa juyen man da dawowa za ta ƙare. Ga kuɗin mai, ga masauki, ga kwanakin da ba a yi aiki ba, ga haɗarin jan mota marar lafiya ta Takeita, Tasawa, Maradi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Mutane da yawa sun gwammace su kai wa makanikensu na Zango ko Sabon Gari su biya daga aljihu, kuma daga ranar kamfani ya samu hujjar zare hannunsa. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: wanda ya karɓi kuɗin mutumin Damagaram ya san inda motar za ta zauna. Ko dai ya amince da gareji guda a nan ya horar da yaransa ya ba su na'ura, ko ya turo makanikensa, ko ya biya kuɗin ɗauko motar. Sharaɗin da aka san mai saye ba zai iya cikawa ba sai da hasara mai yawa, kwace garantin ne ta bayan gida.

Masu sayarwa suna da nasu kukan, kuma wani sashensa gaskiya ne. Mu ma muna cutar mota. Ana shan ruwa-ruwa daga kwalba a bakin titi, alhali injunan gas na zamani suna fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi, ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi ta isa ta kashe famfo da allurai. Ana ɗora wa motar tan ɗaya abin da ya ninka ƙarfinta, a hau samansa da fasinja. Wasu makanikai abu na farko da suke yi wa sabuwar mota shi ne cire abin da ke daidaita zafin ruwan inji, su ce na ƙasar sanyi ne. Ana yanka wayoyi don ƙara fitilu da oda. Wanda ya yi haka motarsa ta lalace, ba shi da bakin neman garanti, kuma ba zan tsaya masa ba. Haka nan tun bayan Yulin 2023 da aka rufe iyaka da Benin, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, jinkirin kaya ba ƙarya ba ne.

Sai dai "manku ne ba kyau" ta zama amsar da ake jefa wa kowa, har wanda bai taɓa shan mai a wajen gidan mai ba, a garin da matatar man fetur ta SORAZ ke aiki a arewacinsa tun 2011. Wanda ya ce mai ne ya kashe inji, shi ya kamata ya nuna. A ɗebi man daga tanki a gaban mai motar, a rufe kwalba biyu, kowa ya riƙe ɗaya, a kai gwaji. A Ingila, dokar 2015 ta ɗauka cewa matsalar da ta bayyana cikin wata 6 na farko tun asali tana jikin kayan, sai in mai sayarwa ya tabbatar da akasin haka. A Faransa wannan zato yana kaiwa wata 24 ga sabon kaya. Dalilin a fili yake: mai sayarwa ke da injiniya, da na'ura, da littafin kamfani, mai saye kuwa makulli kawai gare shi. Ƙura da zafi da ramukan hanya kuma ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Wanda ya kawo mota Nijar ya ce ta dace da Nijar, ba zai juyo bayan wata uku ya kafa hujja da hunturu ba. Batun iyaka ma haka. Famfon mai ko kwamfutar mota ba su fi ƙarfin jirgin sama ba, yana sauka Yamai kullum. In kamfani ya zaɓi hanya mai araha don ya rage wa kansa kuɗi, to ya ɗauki nauyin kwanakin da zaɓinsa ya jawo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawancinmu muna zaton ɗan littafin garanti shi ne iyakar haƙƙinmu, in ya ƙare komai ya ƙare. Ba haka ba ne. Kundin dokokin zaman jama'a da muka gada daga Faransa, wanda lauyoyi ke kira Kod Sibil, a aya ta 1641 ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin da ya hana kaya yin aikin da aka saye shi dominsa, ko ya rage amfaninsa har da mai saye ya sani da bai saya ba, ko da bai biya wannan farashin ba. Aya ta 1644 ta ba mai saye zaɓi: ya mayar da kayan a ba shi kuɗinsa, ko ya riƙe a mayar masa da wani sashe na kuɗin. Aya ta 1645 ta ƙara da cewa in mai sayarwa ya san da aibin, sai ya biya diyyar asarar da aka yi, kuma kotunan Faransa sun daɗe suna ɗaukar wanda sana'arsa ce sayar da abu a matsayin wanda ya san aibinsa. Wannan haƙƙi doka ce ta ba da shi, ba ya jiran sa hannun manajan gareji. Amma yana da tarko. Mai saye ne zai nuna aibin ɓoyayye ne, yana nan tun kafin ciniki, kuma mai nauyi ne. Sannan aya ta 1648 ta ce a kai ƙara cikin ɗan gajeren lokaci. Ga ɗan kasuwar da ya sayi motar don sana'arsa daga wani ɗan kasuwa, dokar cinikayya ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da Nijar ke ciki, wadda aka sabunta a Lome a 2010, ta yanka wa'adi: aibin da ke fili a sanar da mai sayarwa cikin wata ɗaya bayan karɓar kaya, ɓoyayye kuma shekara ɗaya daga ranar da aka gano shi ko ya kamata a gano shi.

Ku haɗa wannan da halinmu na "bari mu ƙara ba su lokaci". Mutum yana zaune yana haƙuri, yana ganin kyautatawa yake yi, alhali wa'adi biyu ne ke ƙarewa a kansa lokaci guda, na littafi da na kotu. Ranar da haƙurin ya ƙare ya je wurin lauya, tambaya ta farko ita ce, "Yaushe ka fara sanar da su, ina takardar?" Kiran waya da shayin ofis ba sa amsa wannan tambaya.

Wasu za su ce wannan duk tsarin Nasara ne, mu an san mu da haƙuri da yarda da ƙaddara. Ina roƙon masu faɗin haka su koma wurin malamansu. Zaɓin mayar da kaya saboda aibi babi ne sananne a fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Birni. Hadisin mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya sa busasshe a sama kowa ya san shi, da hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke a kan mai algus. Akwai kuma hadisin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye: an ba shi zaɓi har kwana uku, in ya so ya riƙe, in ya so ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Ku lura da yadda aka yanka magana. An faɗi kwanaki, an faɗi awo, ba a bar mai saye da mai sayarwa suna ja-in-ja a kan "ɗan lokaci kaɗan" ba. Malaman kuma sun yi bayani cewa wanda ya ga aibi ya yi shiru ba da uzuri ba, ya ci gaba da amfani da kayan kamar ya yarda, yana iya rasa damar mayarwa. Ashe shirun da muke ɗauka ladabi ne, shari'a da dokar ƙasa duk sun gargaɗe mu a kansa. Ciwon inji ƙaddara ne, na yarda. Ƙin cika alkawari aikin mutum ne, kuma ana tambayar mutum a kan aikinsa.

To me ya rage mana? Nijar tana da dokar 2015 da ta shimfiɗa manyan ƙa'idojin kare masu saye, da ta 2019 da ta faɗi laifuffuka da hukuncinsu. Akwai ƙungiyoyi irin su ADDC-Wadata da suka daɗe suna magana a kan tsadar rayuwa da ingancin kaya. Wayar sadarwa tana da hukumarta, ARCEP, wuta da mai suna da ARSE. Abin da mai mota ke bukata a bakin gareji shi ne ƙayyadadden adadin gwajin gyara da na kwanaki da zai iya faɗa, wanda manaja ma ya san da shi. Wasu ƙasashe sun yi haka. A Amurka jihar Konetikat ta fara a 1982, sauran suka biyo. A Kalifoniya, idan cikin wata 18 na farko ko mil 18,000 an gwada gyaran matsala ɗaya sau 4 ba ta tafi ba, ko sau 2 in matsalar mai iya kisa ce, ko motar ta yi fiye da kwana 30 a gareji in an tara, to doka ta ɗauka kamfani ya samu isasshiyar dama, saura ya canza motar ko ya mayar da kuɗi. Kada a ce wannan sai ƙasar masu arziki. Dokar Afirka ta Kudu ta 2008 ta ba mai saye wata 6 ya mayar da kaya mai aibi, kuma shi ke zaɓa tsakanin gyara, canji da kuɗi. In ya zaɓi gyara, matsalar ta dawo cikin wata 3, mai sayarwa ba shi da sauran damar gwaji.

Ni abin da nake nema daga ma'aikatar kasuwanci bai kai tsaurin dokar Afirka ta Kudu ba. A rubuta cewa matsala ɗaya gwaji uku gare ta, in ta shafi birki ko sitiyari biyu, kuma mota ba za ta wuce kwana 30 in an tara a hannun mai gyara ba. In an haura, mai saye ya zaɓi wata motar ko kuɗinsa, a cire daidai amfanin da ya ci kafin ciwon ya fara, don shi ma mai sayarwa kada a zalunce shi. A rubuta cewa duk ranar da mota ta kwana a gareji ana ƙara ta a ƙarshen garanti, kuma matsalar da aka kai ƙararta kafin wa'adi ya cika tana nan a wuyan kamfani har sai ta warke, ko da wa'adin ya wuce. Mafi sauƙi duka, wanda ba ya cin ko dala, a wajabta takardar karɓar mota: kwanan wata, kilomita, abin da mai mota ya faɗa da bakinsa, abin da aka yi, ranar fita, da hatimi. Garejin da ya ƙi bayarwa, a ɗauki maganar mai mota a kan tasa.

Za a ce wannan zai ƙara wa mota tsada. Wataƙila ya ƙara kaɗan. Amma tsadar tana nan tun yanzu, kawai mutum ɗaya ne ke ɗaukarta gaba ɗaya, wanda tsautsayi ya sa motar mai aibi ta faɗo hannunsa. Na fi son a raba ta a kan kowa da kaɗan-kaɗan da a bar ta ta karya gida guda. Kamfanin da ke kawo kaya mai kyau ba abin da zai rasa, don motocinsa ba sa kai gwaji uku.

Na san masu sayen sabuwar mota fil a Damagaram ba su da yawa: gwamnati, ƙungiyoyin agaji, kamfanonin sufuri, manyan 'yan kasuwa, da ma'aikacin da ya ɗaure albashinsa na shekaru a banki. Yawancinmu 'yar Kwatano muke saye, ko wadda aka shigo da ita daga Kano, kuma garantinta a baki yake: "In ta ba ka matsala cikin sati biyu ka dawo da ita, ni da kai ba ta ɓaci." Wannan ma alkawari ne, kuma yana ɗaure mai yinsa. Ayar Kod Sibil ta ɓoyayyen aibi ba ta ware tsohon kaya ba. Gaskiya ne mai sayarwa yana iya sharɗanta cewa an saya yadda aka gani, amma sharaɗin ba ya kare wanda ya san aibin ya ɓoye, kamar mai mayar da kilomita baya, ko mai zuba baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya lafa ranar ciniki. Matsalar ita ce ranar da rigima ta tashi, dillali ya ce bai ji an faɗi haka ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki take. Layi uku a bayan takardar ciniki sun isa: abin da aka lamunta, inji ne ko giya, har zuwa wace rana, da sa hannun shaidu biyu. Haka mai sabon babur da mai adaidaita, waɗanda kwana uku ba aiki ke nufin ba cefane kuma ba kuɗin da za a kai wa mai abin hawan. Akwai kuma masu sayo sabuwa ta hannun ɗan kasuwa daga Dubai ko wata ƙasa, su zo da littafin garanti mai kyan gani wanda na wancan yankin ne. Kafin a biya, a tambayi wakilin kamfanin na Nijar a rubuce ko zai karɓi wannan lambar shasi.

In rigima ta kai ga neman mai raba gardama, tsakanin mutanen gari muna da hanya. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu, kuma sau da yawa mai unguwa ko fada sun kashe wutar da kotu za ta yi shekara tana fama da ita. Amma kamfanin da ke Yamai ba ya amsa kiran mai unguwa. Kotun kasuwanci ta Yamai da cibiyar sulhu ta majalisar 'yan kasuwa su ma can suke. Abin da ke hannunmu a nan shi ne babbar kotun Damagaram, inda lauya zai iya neman alƙali ya naɗa masanin mota mai zaman kansa ya duba ta cikin gaggawa ya rubuta abin da ya gani, tun ba a kwance injin an watsar da shaida ba. Kafin a kai nan, takardar gargaɗi ta hannun hisiye, mai faɗin matsala da ranakun da aka kai mota da wa'adin da aka ba su, ta kan wadatar. Kuɗinta bai kai na zuwa Yamai sau ɗaya ba.

Manyan masu saye kuma suna da ƙarfin da ɗan yayata ba shi da shi. Ma'aikata ko ƙungiyar da ke sayen mota goma a lokaci guda tana iya rubutawa cikin kwangila cewa gyaran garanti a Damagaram za a yi shi, da motar aro in an wuce sati. In suka dage, gareji mai izini zai zauna a garin nan, kuma talaka mai mota ɗaya zai shiga ta ƙofar da suka buɗe. Su kuma sandikar direbobi a tasha, ba sai sun jira kowa ba. A sayi babban littafi guda a ajiye a ofis. Duk ɗan ƙungiyar da abin hawansa ke ƙarƙashin garanti ya ƙi gyaruwa, a rubuta irin motar, lambar shasi, ranar saye, ciwon, da ranakun shiga da fita gareji. Manaja yana iya ce wa mutum ɗaya, "Kai kaɗai ka kawo mana wannan ƙara," amma in littafin ya nuna mota iri ɗaya da ciwo iri ɗaya a hannun mutum goma, sakataren sandika ya yi kwafi ya kai ofishin ma'aikatar kasuwanci na jiha da ƙungiyar kare masu saye, ya tsaya sai an buga masa hatimi da lambar shigar takarda da kwanan wata.